Na'urar da Aka Ara wa Bintu

Ni malamar lekol ce, wato makarantar boko, a garin Diffa. Daga Damagaram aka turo ni aiki, na yi aure a nan, na zama 'yar gari. Maigidana Malam Bukar ɗan bakin kogin Komadugu ne, manomin tattasai kamar ubanshi da kakanshi. 'Ya'yanmu huɗu, kuma ta ukun, Bintu, ita ce ciwon sukari ya kama tana shekara takwas. Matan unguwa sun sha roƙona in faɗa musu yadda abin ya fara, amma duk na soma sai in kasa ƙarasawa. Shi ya sa na zauna na rubuta, ko wata uwa za ta gane alamun tun da sauran lokaci, ta kuma san irin hanyar da ke gabanta.

Da bazara abin ya fara. A makon farko ƙishirwa ce kawai. Bintu ta shanye moɗa ta sake ɗiba, ta tashi daga cin abinci ta koma gindin randa. To a Diffa cikin zafin nan wa zai yi mamakin yaro mai shan ruwa? Mu ma manya haka muke wuni. A mako na biyu ta fara fitsarin kwance, ita da ta bari tun tana ƙarama ƙwarai. Kunya ta sa take tashi da sassafe ta wanke zanen shimfiɗarta kafin 'yan'uwanta su farka. Ga ci kamar ba a taɓa ba ta abinci ba, amma kullum ƙara ramewa take. Rigar lekol ɗinta da na rage mata a farkon shekara ta koma tana yawo a jikinta.

Surukata, wadda yara ke kira Kaka, a gidanmu take tun lokacin da rashin tsaro ya taso su daga ƙauye. Ita ta fara cewa tsutsar ciki ce ke cinye abincin. Muka sayi maganin tsutsa. Maƙwabciyarmu ta ce ciwon shawara ne, ta kawo saiwoyi aka jiƙa. A mako na uku na kai ta ƙaramin asibitin unguwa, muka bi layi tun safe har rana ta take, aka ce mai yiwuwa zazzaɓin sauro ne ke ɓoye, aka rubuta mana ordonans, wato takardar sayen magani. Ta shanye maganin, ba abin da ya canza. Na lura tururuwa na taruwa a inda ta yi fitsari a bayan ɗaki. Na gani da idona, amma ban san abin da ake nufi da shi ba. Ku da kuke karantawa yanzu kun sani, sukari ne a cikin fitsarin.

A mako na huɗu ta fara amai da ciwon ciki. Wata safiya na gama shiri zan tafi aiki, na je tada ta, sai na tarar tana numfashi mai zurfi kamar wadda ta yi gudu, bakinta na wani wari irin na mangwaron da ya fara ruɓewa. Na kira sunanta ta buɗe ido ta dube ni, amma na san ba ta gane ni ba. Malam na kasuwar tattasai, na aika a kira shi, ni kuma na goya ta a baya, yarinya 'yar shekara takwas, ban ma ji nauyinta ba.

A babban asibiti layin sashen yara ya kai har ƙofa. Mata ne zaune a ƙasa, da yawa daga wajen Yebi da Tumur, kowace da yaro a cinya. Na tsaya a ƙarshe ina kuka ba sauti. Allah ya kawo wani majo, dattijon ma'aikacin jinya, zai wuce, ya ji irin numfashin da take yi, ya juyo. Bai tambaye ni takarda ba. Ya huda mata yatsa ya ɗiga jinin a 'yar na'urar awo, na'urar ta ƙi ba da lamba saboda yawan sukarin ya wuce abin da take iya aunawa. Nan da nan aka karɓe ta daga hannuna. Wannan mutum har yau ina sa shi a addu'a.

Sai washegari da yamma ta farfaɗo sosai, ta nemi ruwa, ta kuma tambayi ina takalminta. Likitan da ke duba ta, Dokta Isufu, mutumin Maradi ne, siriri mai magana a hankali. Ya zaunar da mu ni da Malam ya ce wannan ba sukarin manya ba ne da ake sha wa ƙwaya a rage tuwo. Jikinta ne ya daina yin wani ruwa da ake kira insulin, kuma ba zai sake yi ba. Za a riƙa ba ta shi ta allura, kullum, har iyakar rayuwarta. Malam ya tambaya ko laifin abin da muke ci ne, ko gado ne. Likita ya ce ba laifin kowa ba ne. Sannan ya faɗi maganar da ta zauna mini a kai: "Ku yi mata duk addu'ar da kuka sani, ni ma zan taya ku. Amma ranar da wani ya ce ku bar allura, ku sani kabarinta yake nuna muku."

Ya san abin da yake faɗa, don kafin a sallame mu masu ba da shawara sun cika ɗakin. Wani ya ce allura sabo ce, in jiki ya saba ba ya rabuwa da ita. Wata ta ce yaro da sukari ai sai dai sammu. Ƙanen Malam ya zo da wata kwalba daga wani mai magani a hayin kogi, wai ya warkar da mutane da dama. Ba mugunta ta kawo su ba, ƙauna ce, kuma su ne suka riƙa kawo mana abinci safe da yamma. Na karɓi kwalbar na yi godiya, na zubar da ita a bayan gida.

A jikin lemo na koyi allura, kafin a ba ni cinyar ɗiyata. Da muka koma gida rayuwarmu ta koma bin agogo. A huda yatsa kafin ci, a yi allura, a auna burabusko da ludayi, a hana ta kunun da 'yan'uwanta ke sha a gabanta. Insulin ba ya son zafi, kuran ɗin garin nan kuwa, wato wutar lantarki, kun san halinshi, firigo sai ya wuni a mace. Kaka ce ta haɗa mana dabara: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da ɗanyen tsumma. Insulin ɗin kanshi wani lokaci muna samu kyauta ta hannun wata ƙungiya, wani lokaci ya yanke sai mun saya a farmasi. Amma 'yan tsinken awon jini, waɗanda ake ce wa bandelet, kullum daga aljihunmu ne. Kafin wata ya ƙare sun ƙare, albashi ma ya ƙare. A irin waɗannan kwanaki sai in dubi idonta in yi kirdado.

Abin da ba a gaya mini ba a asibiti shi ne barci zai bar gidanmu. Insulin in ya yi yawa sukari na faɗuwa, kuma yaro na iya wucewa cikin barci ba wanda ya sani. Fiye da shekara ban kwanta na kai asuba a jere ba. Ina koyar da yara ina hamma, alli na faɗuwa daga hannuna.

Wata rana ana tsakiyar darasi aka zo da gudu aka ce Bintu ta faɗi a filin wasa. Na tarar da ita jiƙe da gumi tana karkarwa, idanu sun kafe. Na murƙushe sukari na shafa mata a dasashi har ta dawo. Bayan wannan yara suka fara ja baya da ita, wasu iyaye suka ce farfaɗiya ce. Ita ma ta canza. Yarinyar da surutunta ke cika gida ta koma zama a gefe tana kallo. Abin da ya fi ci mata rai shi ne gona. Bayan shekarun da ba a iya zuwa bakin kogi, an samu sauƙi Malam ya koma noma gonar gado, kuma lokacin tsinkar tattasai yakan ɗauki yara su yi kwanaki a can. Ita kaɗai ake bari. Ta tsaya a ƙofar gida har motar ta ɓace, sannan ta shigo ta ce mini ita dama ba ta son zuwa.

A shekara ta biyu ne muka haɗu da Madam Kilara. Likitar yara ce Baturiya da wata ƙungiyar agaji ta kawo aiki a asibitin. Ranar da muka je awon wata, Bintu ta ƙi miƙa yatsa, ta ɓoye hannayenta a hammata tana kuka, ta ce ta gaji. Yatsun duk sun yi baƙin tabo. Sai matar nan ta durƙusa a gabanta, ta ɗage gefen rigarta ta nuna mata wata 'yar na'ura kamar ƙaramar wayar hannu a maƙale a ƙugunta, da siririyar tiyo da ta shige ƙarƙashin fatar cikinta. Ta ce da Faransanci, ina fassarawa, ita ma ciwonsu ɗaya, kuma tun tana ƙasa da shekarun Bintu ya kama ta.

Bintu ta daina kuka. Ta dubi matar daga sama har ƙasa, sannan ta tambaye ni a kunne ko da gaske mai irin ciwonta na girma har ta zama likita.

Madam Kilara ta yi mana bayani. Akwai wani ɗan maɓalli da ake liƙawa a damtse, shi ke auna sukari dare da rana ba tare da huda yatsa ba, yana gaya wa na'urar. Na'urar kuma tana ɗiga insulin kaɗan-kaɗan: in sukari ya hau ta ƙara, in ya fara faɗuwa ta tsaya da kanta, ta kuma yi ƙara. Na tambaya ko da mutum na barci. Ta ce musamman ma in yana barci. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Bayan 'yan makonni ta kira mu. Ta ce tana da na'ura ta biyu da take tafiya da ita saboda ko ta farko ta lalace, kuma ta samo kayan canji na 'yan watanni daga abokanta. Tana so ta gwada wa Bintu, ita da kanta za ta riƙa kula, tana kuma neman hanyar da kayan za su ci gaba da zuwa. Dokta Isufu na wurin, kuma fuskarshi ba ta sake ba. Da muka fito ya bi mu har baranda ya ce ba zai hana mu ba, don na'urar tana da kyau, babu shakka. Amma mu shiga da ido buɗe. "Ba sayenta ne tsada ba, ciyar da ita," in ji shi. Tiyo da allurar da ke cikin fata sai an canza bayan kowane 'yan kwanaki, maɓallin damtse ma yana da wa'adi, kuma ba ɗaya da ake sayarwa a ƙasar nan. Na ji shi da kunne, amma zuciyata ta riga ta tafi.

Ranar da aka sa mata, Kaka ta jujjuya abin a hannu ta ce da Barbarci wai ita ta ɗauka irin injin ban-ruwan gona ne za a ɗaura wa yarinya, ashe ɗan wannan ne. Dukanmu muka yi dariya, kuma na daɗe ban ji dariya irin wannan a gidan ba.

Ba zan ce babu wahala ba. Gumi na ɓamɓare abin liƙin, sai mun ƙara filasta. Kafin ta ci abinci sai an gaya wa na'urar yawan abin da za ta ci, kuma ba wanda ya taɓa rubuta lissafin burabusko da miyar kuka a littafin Turawa, mu muka yi ta gwaji. Sau ɗaya tiyo ta lanƙwashe, sukari ya haura cikin 'yan awoyi, muka koma asibiti a guje. Amma ban da wannan, abin da na gani ban taɓa zaton zan gani ba. Tabon yatsunta ya warke. Kumatunta suka ciko. Ta koma wasan 'yar gala-gala da ƙawayenta, suna rububin ganin lambar da ke fuskar na'urar. Malaminta ya ce kamar an canza mishi ɗaliba. Ni kuma wata safiya na farka na ji ladan na kiran assalatu, na gane tun da na kwanta ban motsa ba. Na ruga ɗakinsu, na tarar tana barcinta, lambar na daidai. Na zauna a bakin katifa na rasa abin yi da kaina.

Da lokacin tsinkar tattasai ya zo, Madam Kilara ta ce a bar ta ta je. Ni ma na nemi izini na bi su. Na ga ɗiyata tana gudu tsakanin shanyar tattasai da ta yi ja har iyakar gani, tana atishawa tana dariya, ta tsoma ƙafa a ruwan Komadugu tana riƙe da na'urar sama don kada ta jiƙe. Malam ya nuna mata inda gidansu yake a da, da tsamiyar da ubanshi ke ɗaure jaki. Da za mu dawo ta cika ɗankwalinta da tattasai wai nata ne, ita za ta kai kasuwa. In na rufe ido yanzu wannan ranar nake gani.

Wajen wata huɗu muka yi haka. Sannan aikin ƙungiyar su Madam Kilara ya tsaya, aka ce su tattara su koma gida cikin gaggawa. Ta zo mana sallama idanunta jawur. Ta ce ta buga ƙofofi da yawa, ba wanda ya yarda ya ɗauki nauyin yaro ɗaya har abada. Ta bar mana na'urar da sauran kayan da ke hannunta, har da rabin nata. Wasu a dangi sun ce ta yi mana mugunta, ta ɗanɗana mana ta janye. Ni ban taɓa iya jin haushinta ba, ko da yake na yi kwanaki ina so in ji haushin wani.

Malam kuwa sai ya fara bincike. Ta hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa ƙasashen waje ya gano za a iya kawo kayan, in an biya. Da aka faɗa mana kuɗin wata ɗaya, ya fi albashina. Bayan kwana kaɗan ya shigo da rana tsaka, ya zauna a tabarma ya ce ya yi magana da wani Alhaji da ya daɗe yana son gonar bakin kogi. Kaka na zaune tana tsince wake. Hannunta ya tsaya cak, amma ba ta ɗago ba. A gonar nan mijinta ya ƙare rayuwarshi, kuma shekarun da suka yi suna gudun hijira ba abin da take ambata sai ita. Can ta ce in don yarinyar ne a sayar, ita ta yafe.

Washegari na tafi wurin Dokta Isufu ni kaɗai, na ce ya gaya mini gaskiya ko abin ya cancanci gona. Ya ce a ƙasar su Madam Kilara masana sun zauna sun auna, sun ga kuɗin da ake kashewa a na'urar yana da amfani, don yaran ba sa yawan kwanciya asibiti, kuma idanu da ƙoda da ƙafafu na daɗewa lafiya idan sun girma. Shi ya sa a can ba iyaye ke ɗaukar nauyin su kaɗai ba. Na tambaye shi ko a wannan awo nasu ana sa barcin uwa. Ya ce ana sawa, har da kwanakin lekol da yaro ke rasawa. Na ce to ashe ta cancanta.

Ya ce ta cancanta a inda kuɗin ke fitowa daga aljihun jama'a duka, kuma kayan ba sa yankewa. A nan daga gonar mutum ɗaya zai fito. Ya ce in lissafa da kaina shekara nawa kuɗin gonar zai kai. Na riga na lissafa, ba zai cika biyu ba. Ya ce bayan nan ba na'ura, ba gona, ba kuɗin bandelet, ga sauran yara uku. Kuma ko da kuɗi a hannu, ranar da hanya ta rufe ko ɗan kasuwa ya makara, ko na'urar ta lalace ba mai gyara, mai na'ura ya fi mai allura saurin shiga hatsari, don ba insulin mai daɗewa a jikinshi. Ya ƙara da cewa abin da za a kashe wa Bintu ita kaɗai zai ishi yara da yawa da yake dubawa insulin da abin awo, waɗanda wasunsu a sansanin 'yan gudun hijira suke, ko tukunyar yashi ba su da ita.

Wannan magana ta ƙarshe ta ɓata mini rai. Na ce mishi ni ba maganar yara da yawa na kawo mishi ba, maganar ɗiyata nake yi. Ya ce ya sani. Ya ce da tashi ɗiyar ce shi ma bai san abin da zai yi ba.

Na dawo gida a ƙasa, ban hau kome ba, don in samu lokacin tunani. Ni ce na fi kowa son na'urar nan, na fi Bintu ma, kuma ni ce na faɗa wa Malam kada ya sayar. Ya ce, "Malama, kin manta yadda take faɗuwa? Kin manta yadda kike?" Na ce ban manta ba. Na ce gonar ce za ta saya mata insulin har ta yi aure, har bayan ba mu. Ya juya baya ya daɗe yana kallon bango. Ban taɓa ganin kukanshi ba sai ranar, ko lokacin da aka ƙone musu ƙauye bai yi ba.

Ni na gaya wa Bintu. Na yi zaton za ta yi kururuwa, amma tambaya ɗaya ta yi, saura nawa. Na nuna mata abin da ya rage a kwali. Daga ranar ta riƙa lallaɓa kowane liƙi kamar ƙwai, ba ta yarda ta yi gumi, ko wasa ta rage, don ya ƙara kwana. Wannan ya fi mini ciwo da a ce ta yi kuka.

Ranar da na ƙarshe ya ƙare, a asibiti aka cire mata, Dokta Isufu ya sake tsara mata allurai. Da na ɗauko sirinji ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, kawo. Ni zan yi." Ta tsuke fatar cinyarta, ta rufe ido, ta buɗe, ta soka. Tun daga ranar ban sake yi mata allura ba sai in ba ta da lafiya.

Da kuɗin tattasan shekarar muka sayi faranti mai aiki da hasken rana da ƙaramin firigo, muka kuma daina barin bandelet ya yanke, ko da za mu rage nama. Malam ya riƙa ware buhuna tun a gona, ya ce waɗannan na Bintu ne, ba a taɓawa. Barci ya sake barina, amma yanzu muna karɓa-karɓa da Malam da yayarta. Sau ɗaya bara ta sake kwanciya asibiti da zazzaɓi ya rikita mata sukari, Allah ya tashe ta. Gona kuwa tana zuwa, amma a wuni a dawo, da dabino a aljihu. Na'urar na nan cikin akwatina, naɗe a zane. Wani lokaci in na buɗe neman kaya sai in tarar an warware zanen an sake naɗewa ba yadda na yi ba. Ban taɓa tambayarta ba.

Ga masu yara, abin da zan ce kaɗan ne. Yaron da ke shan ruwa ba iyaka, yana fitsari ba iyaka, yana ci yana ramewa, kada a tsaya jiƙa saiwa. A je a ce a huda yatsa a auna sukari, a nace ko an ce zazzaɓi ne. In an ce allura, to allura ce. Ga masu iko da masu agaji kuma, muna godiya da abin da kuke kawowa, amma in za ku kawo abu, ku kawo shi da hanyar da zai ɗore. Ba na cewa a hana yaranmu na'ura. Ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da za ta yi araha har a same ta a farmasin garin nan, ko da ni na tsufa.

Bintu yanzu shekararta goma sha biyu. A watan jiya mun je awo, muka tarar da wata mata daga wajen Maine-Sorowa zaune a benci da ɗanta ɗan shekara shida, kwanansu kaɗan da jin cewa shi ma ciwon sukari ne da shi. Tana riƙe da sirinji kamar mai riƙe da kunama. Da majo ya ce mata ga wata da ta daɗe da ciwon, sai ta matso ta kama hannun Bintu, ta tambaya ko haka za a yi ta soke shi har abada, ko babu wani abu da ya fi wannan sauƙi a duniya.

Bintu ta dube ni. Na so in girgiza mata kai, don na san abin da sanin ke yi wa zuciya, amma na kasa.

Ta juya wurin matar ta ce, "Akwai, Inna. Na taɓa sa ta, tana da daɗi. Ba ta iso nan ba tukuna." Sannan ta zauna kusa da yaron, ta ɗage zanenta kaɗan daga gwiwa ta ce mishi ya matso ya gani, ita za ta fara yi, in ya ga ba ta yi kuka ba sai shi ma ya bari a yi mishi.